YADDA NAKE BIN WASAN KURKET TA WAYA DAGA BUNGUDU



Duk wanda ya san ni a makarantar nan ya san sunan da 'yan ajinmu suka laƙaba mini, watau Ɗan Indiya. Ba don na taɓa zuwa Indiya ba ne, ni ko Kaduna ban taɓa wucewa ba. Dalili shi ne, in an zauna ana gardamar ƙwallon ƙafa, wannan yana cewa kulob ɗinsa ya fi, wancan yana cewa ƙarya ne, ni kuwa sai in kawo zancen wani wasa da ake kira kurket. Da na buɗe baki sai a bushe da dariya. Wata rana ma na je gidan kallon ƙwallo na roƙi a juya mana akwatin zuwa kurket ko da na minti biyar ne, saura kaɗan a fitar da ni da hannu.

Ban ga laifinsu ba, domin Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni kaina ban taɓa ganin filin kurket da idona ba, duk abin da na sani ta wayar hannu na san shi. Saboda haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan dama in bayyana mene ne wasan, da yadda mutum zai bi shi yana zaune a Bungudu, da amfanin da ke ciki, da kuma haɗarinsa.

YADDA NA FARA

Yayana ya yi karatu a Indiya. Da ya dawo gida sai muka ga ya zo da wata sabuwar ɗabi'a. Ya kan zauna a zaure ya ƙura wa waya ido, ba hoto ba murya, lambobi kawai, can sai ka ji ya yi tsaki, ko kuwa ya yi tsalle ya ce, "Shida!" Mu yara muka ɗauka zafin karatu ne ya taɓa shi.

A watan Janairu na 2020 ya kira ni ya ce, "Zo ka ga 'yan ƙasarku." Ashe samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 ne suke wasa a gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, kuma wannan shi ne karo na farko da Nijeriya ta kai irin wannan gasa a kurket. An haɗa su rukuni ɗaya da manyan gwanaye, watau Ostareliya da Ingila da ƙungiyar tsibiran Karebiyan. Sun sha kashi a hannun dukansu uku, amma daga baya suka ci Japan, suka zo na 15 cikin ƙasashe 16. Ni dai a lokacin ban gane komai ba, sunan Nijeriya kawai nake gani a jikin waya. Wannan suna shi ya riƙe ni, na dinga damun Yaya da tambaya har ya gaji ya ɗauki tsinke ya zana mini filin a ƙasa.

MENE NE KURKET?

Filin kurket babba ne, kewayayye kamar faifai. A tsakiyarsa akwai wani siririn wuri da aka daddaɓe ya yi tauri kamar daɓen ɗaki, tsawonsa yadi 22, watau mita 20 da ɗan kai. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku a jere, tsayinsu bai kai ƙugun babban mutum ba, an ɗora 'yan itatuwa biyu ƙanana a bisansu. Waɗannan turaku su ake kira wiket. Ƙwallon kuwa ƙarami ne, bai fi goriba girma ba sosai, kuma kusan taurinsu ɗaya, an lulluɓe shi da fata an ɗinke. Sandar da ake bugunsa da ita mai faɗi ce, kamar filafilin tuƙa kwalekwale.

Kowane gefe mutum 11 ne. Da farko a kan jefa kwabo sama, wanda ya ci shi zai zaɓa, ko su fara bugu, ko su fara jifa. Masu bugu biyu biyu suke shiga, ɗaya a wannan wiket, ɗaya a wancan. Masu jifa kuwa dukansu suna cikin fili. Ɗaya ne ke jefa ƙwallo, ɗaya yana tsugune bayan turaku da safar hannu yana cafkewa, sauran taran sun bazu ko'ina suna jiran tarewa.

Mai jifa ya kan sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo, ya daki ƙasa sau ɗaya ya taso, yana neman ya tuge turakun. Ba a yarda ya yi jifa irin ta mai jifar tsuntsu da dutse ba, sai dai ya kewayo da hannunsa a miƙe ta saman kai. Waɗansu ƙarfi suke sa wa, har ƙwallo ya kan wuce gudun kilomita 140 a awa. Waɗansu kuwa a hankali suke jefowa, amma su murza ƙwallon da yatsu, yana taɓa ƙasa sai ya kauce. Aikin mai bugu shi ne ya kare turakunsa, ya kuma make ƙwallon ya yi nisa.

In ya buga, shi da abokinsa sai su ruga su yi musayar wuri. Kowace musaya maki ɗaya ce. In ƙwallo ya gangara har ya kai iyakar fili, maki huɗu ne ba sai an yi gudu ba. In kuwa ya tashi sama ya tsallake iyakar bai taɓa ƙasa ba, maki shida ke nan. To, kun ji shidan da Yaya yake yi wa tsalle.

Ana fitar da mai bugu ta hanyoyi da dama, amma huɗu sun fi yawa: ƙwallo ya wuce shi ya bugi turaku, ko a cafke abin da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko a bugi turaku da ƙwallo yana cikin gudu bai kai ba, ko kuwa alƙali ya ga ƙafarsa ce ta tare ƙwallon da zai bugi turaku. Wanda aka fitar ya fita ke nan, wani ya shigo. In an fitar da mutum goma zangon ya ƙare, domin na goma sha ɗayan ba shi da abokin gudu. Sa'an nan a juya, masu jifa su koma bugu, su bi makin da aka kafa musu.

Akwai kalma ɗaya da ba makawa sai an riƙe ta, ita ce oba. Jifa shida ita ce oba ɗaya. In mai jifa ya cika shida sai ya huta, wani ya karɓa daga ɗaya ƙarshen. Da oba ake auna tsawon wasa, kamar yadda ake auna ƙwallon ƙafa da minti.

Kurket iri uku ne. Akwai Tes, wanda shi ne tsohon yayi, an fara shi a 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila, ya kan kai kwana biyar ana abu ɗaya, kuma ƙasashe 12 kaɗai ke yinsa. A nahiyarmu Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ne kawai a ciki. Akwai na yini ɗaya, kowane gefe oba 50, shi ne aka fara gasar cin kofin duniya da shi a Ingila a 1975. Sai kuma ƙaramin, T20, mai oba 20, wanda aka ƙago a Ingila a 2003, ana gama shi cikin awa uku ko fiye kaɗan. Mai koyo ya fara da wannan, kada ya ce zai fara da Tes, barci zai kwashe shi.

KARATUN LAMBOBI

Wanda zai bi kurket ta waya, abin da ya fi bukata shi ne ya iya karanta lambobinsa. Ni kuwa tilas ce ta koya mini. Kowa a nan yana tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Mutane sun sha wuya, 'yan kasuwa sun rasa ciniki, mai ɗan'uwa a nesa ya rasa jin lafiyarsa. Tamu damuwar ƙarama ce ƙwarai in an gwada da wannan, amma dai gasar duniya ta T20 ta zo a watan Oktoba muna cikin duhu. An riga an maido da sabis a cikin garin Gusau, saboda haka duk ran da Yaya ya shiga Gusau sai ya kwafo sakamako a 'yar takarda ya kawo mini.

Wata rana ya dawo fuska a murtuke, ya miƙo mini takarda bai ce uffan ba. Ga abin da ke ciki: Indiya 151/7, Pakistan 152/0. Ya ce in fassara masa, in kuwa na kasa ba zai ƙara kawo mini ba. Na zauna na yi ta kallo. Lambar farko ita ce maki, ta biyu ita ce yawan waɗanda aka fitar. Watau Indiya ta tara maki 151, an fitar mata da mutum bakwai. Pakistan ta bi ta wuce da maki ɗaya, ba a fitar mata da ko mutum ɗaya ba. Ashe mutum biyun farko su kaɗai suka gama aikin, sauran taran suna zaune a inuwa. A nan na gane dalilin ɓacin ran Yaya, shi da yake goyon bayan Indiya. Wannan wasa an yi shi ne a Dubai ran 24 ga Oktoba, 2021, kuma shi ne karo na farko da Pakistan ta ci Indiya a gasar cin kofin duniya.

Tun daga ranar lambobi suka fara yi mini magana. In ka ga 40/0 bayan oba huɗu, ka san masu bugu suna shan sharafinsu. In ka ga 40/5, ka san gida ya kama da wuta. Sai dai a lura, mutanen Ostareliya su a juye suke rubuta nasu, su fara da waɗanda aka fitar sa'an nan maki. Akwai kuma lissafin da kowane mai bin wasa yake yi a ka: a raba makin da ya rage da obar da ta rage. Ga misali, in ana neman maki 60 cikin oba 10, shida shida ke nan, abu mai sauƙi. In aka yi sakaci oba biyar ta wuce an sami 15 kacal, saura 45 cikin biyar, ya koma tara tara, wuya ta fara. Haka lissafin yake hawa yana sauka bayan kowace jifa, shi ne kuwa daɗin abin.

HANYOYIN BI TA INTANET

Hanya uku na sani. Ta farko ita ce sharhin rubutu. Akwai shafuka irin su ESPNcricinfo da Cricbuzz, inda wani yake zaune yana rubuta abin da ya faru jifa bayan jifa. Ɗigo yana nufin ba a sami komai ba, 4 da 6 kun riga kun san su, harafin W kuwa yana nufin an fitar da wani. Wannan hanya ita ce tawa, domin ba ta cin data, kuma ko sabis ya yi rauni rubutu ya kan lallaɓa ya shigo. Ta biyu ita ce gajerun hotunan bidiyo da ake sakawa bayan wasa a YouTube da shafin hukumar kurket ta duniya, watau ICC, wadda hedkwatarta ke Dubai. Da su mutum zai ga yadda abin da ya karanta ya auku. Ta uku ita ce kallo kai tsaye, amma wannan sai mai hali, domin wasa ɗaya ya isa ya lashe kuɗin datar mako guda. Hukumar kurket ta Nijeriya ita ma ta kan sa labarin 'yan wasanmu a shafinta na Facebook.

Wani zai ce, ina daɗin wasan da ba ka gani? Ai an ce gani ya kori ji. Haka ne, amma ku tambayi iyayenmu yadda suka bi ƙwallon ƙafa da dambe ta rediyo, suna zaune gindin bishiya, mai sharhi yana magana su kuwa suna gani da zuci. Kurket ya fi kowane wasa dacewa da haka, domin ba a guje yake tafiya ba. A yi jifa, a tsaya, a sake shiri, kamar masu dara. Tsakanin jifa da jifa kana da lokacin da za ka yi tunani, ka ce da ni ne kyaftin ga wanda zan ba ƙwallo.

Abu na ƙarshe shi ne sanin lokaci. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, saboda haka wasannin dare na babbar gasarsu ta IPL, wadda aka fara a 2008, sun kan faɗo mana da ƙarfe uku na rana, bayan an tashi makaranta. Ingila da damina agogonmu ɗaya da su. Afirka ta Kudu awa ɗaya ce tsakaninmu. Amma Ostareliya da ƙasashen gabas mai nisa, wasansu tsakar dare ko asuba yake riskarmu. A nan ne kuwa na gamu da gamona.

RANAR DA BABA YA ƘWACE WAYA

A watan Janairu na 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka je gasar cin kofin duniya ta T20 a Malesiya, karo na farko. Wasansu na fari da Samowa ruwan sama ya hana. Na biyu kuwa da Niyu Zilan ne, ran Litinin 20 ga wata, a garin Kuching. Niyu Zilan tsohuwar ƙasar kurket ce, ba wanda ya ba mu ko kusa. Malesiya tana gabanmu da awa bakwai, watau suna rana muna dare. Na karɓi tsohuwar wayar Yaya, na kai ta caji tun da yamma, na shige bargo, ga sanyin hunturu.

Saboda jiƙewar fili aka rage wasan ya koma oba 13. 'Yan matanmu, ƙarƙashin kyaftin ɗinsu Lucky Piety, suka fara bugu suka tara 65/6, watau biyar biyar a kowace oba. Na ce a raina wannan bai isa ba. Amma da aka juya sai na ga ɗigo yana bin ɗigo, W yana biyo baya. Aka kai oba ta ƙarshe Niyu Zilan tana neman maki tara, aka ba Lillian Udeh ƙwallo. Zuciyata tana dukan uku uku. Ban ji buɗe ƙofa ba, sai na ji an yaye bargo. Baba ne, ya dawo daga masallaci bai gan ni a sahu ba.

Ya karɓi wayar ya duba, ya ga lambobi a jere, a gefe kuma ga tallar 'yan caca tana walƙiya. Ya ce, "Caca ka fara? A gidan nan?" Na ce, "Baba, wallahi ba caca ba ce." Ya ce in rufe masa baki, in tashi in yi salla in shirya makaranta. Ya sa wayar a aljihu. Haka na yini a aji, malam yana koyarwa ni kuwa ina can Malesiya, jifa shida ta tsaya mini a maƙogwaro. Ba kuma wanda zan tambaya, domin duk makarantar ba wanda ya san ana yin wasan.

Da la'asar Baba ya kira ni zaure, ga Kaka zaune a kan buzu, ga Yaya a gefe ya sunkuyar da kai. Aka ce in yi bayani. Na ɗauki tsinke na zana fili a ƙasa, na kafa turaku da ashana uku. Ban kai ko rabi ba sai Kaka ya gyara zama ya ce, "Kai, ja'iri, dakata. Wanga ai kurket na! Mun buga shi lokacin da muna makarantar kwana. Ba caca ta ba. Sardauna da kainai ya buga shi." Ya karɓi sandarsa ta dogarawa ya nuna yadda ake tare ƙwallo, har da matso da ƙafar hagu gaba. Sa'an nan ya dubi Baba ya ce, "Ba shi wayatai mu ji wa ya ci."

Hannuna yana rawa na buɗe. Niyu Zilan 63/6. Maki shida suka samu a obar ƙarshe, Nijeriya ta ci da maki biyu. Na yi ihu har na manta gaban wa nake. Daga baya 'yan matan suka ci Ailan da maki shida a zagaye na biyu, Indiya kuwa ta ɗauki kofin.

ASHE BA BAƘO BA NE

Maganar Kaka ta sa na shiga bincike, na tarar gaskiya ya faɗa. Turawan Ingila ne suka kawo wasan ƙasar nan, kuma tun 1904 aka yi karawa tsakanin Legas da Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. A Arewa kuwa makarantu ne suka riƙe shi. Sir Ahmadu Bello ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, a can ya buga kurket da fayif, watau ƙwallon da ake buga wa bango da tafin hannu. Shi ne kuwa ya zo ya zauna a nan Gusau, maƙwabciyarmu, daga 1938 yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. A da Turawa da 'yan ƙasa kowa da ƙungiyarsa ta kurket, sai a 1957 aka haɗe su. Nijeriya ta shiga hukumar ICC da sunan kanta a 2002. A watan Maris na 2024 ma manyan matanmu sun zo na uku a wasannin Afirka da aka yi a Gana. To, kun ga wasan da ake ce mini na Indiyawa ne, kakanninmu sun riga mu saninsa, mu ne muka sake shi ya ɓace.

AMFANI DA HAƊARI

Na ƙaru da abubuwa da yawa. Rabawa da ninkawa a ka sun zame mini ruwan sha. Turancina ya ƙaru, domin sharhin da Turanci ake rubuta shi, dole in riƙa duba ƙamus. Na san inda ƙasashe suke a taswira da bambancin lokacinsu, abin da a da nake haddacewa don jarrabawa kawai. Na kuma koyi haƙuri, domin a kurket mai gaggawa shi ake fara fitarwa.

Amma zuma da zaƙi take da harbi. Baba bai yi kuskure ba da ya tsorata. Tallar caca tana nan manne da shafukan wasanni, tana kiran yaro ya sa ɗari ya ci dubu. Wanda ya taɓa ta ya daina kallon wasa, ya koma kallon kuɗinsa, daga nan sai bashi, sai ɗauke-ɗauke. Addininmu ya hana, hankali ma ya hana. Haɗari na biyu shi ne hana ido barci, har ya kai ga makara salla da gyangyaɗi a aji, kamar yadda ya same ni. Na uku shi ne kuɗin data, wanda in ba a kula ba zai cinye kuɗin littafi. Na huɗu kuwa labarin ƙanzon kurege, domin ba duk abin da aka turo a waya ne gaskiya ba, sai a duba shafin da aka amince da shi.

Saboda haka Baba ya kafa mini sharaɗi uku: ba waya bayan sallar isha'i in akwai makaranta gobe, ba kusantar caca ko da wasa, kuma ran da sakamakon jarrabawata ya yi ƙasa, ran nan kurket ya ƙare. Na karɓa, ina kuma riƙe da su har yau. Ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro ya duƙufa a kan waya, ku karɓa ku duba, wannan haƙƙinku ne, amma ku tambaye shi ya yi bayani. Mai gaskiya zai iya zana muku abin a ƙasa, mai caca kuwa sai inda-inda.

KAMMALAWA

Abin da ya fi damuna shi ne, ran da 'yan ƙasarmu suka ka da Niyu Zilan duniya ta yi ta magana, mu kuwa a nan ba mu ko ji ba. Kallo kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba. A unguwarmu mun fara gwadawa. Wani kafinta ya fafe mana sanda da guntun katako, muka sare turaku daga reshen dogon yaro, muka naɗe ƙwallon tanis da salatif kamar yadda yaran Pakistan ke yi a kan titi. Kaka ne alƙalinmu, ba a kuwa ɗaukaka ƙara. Har ƙanwata ta iya jifa, ta kuma fi ni saiti. Tufafin wasan dogon wando ne da riga, akwai ma 'yar wasan Sikotlan mai suna Abtaha Maqsood da take wasa da lulluɓinta, saboda haka 'yan mata za su iya yi a makarantarsu cikin mutunci.

Ina roƙon malamin wasanni ya ba mu gefen fili ko da yamma ɗaya ce a mako. A 2028 za a maido da kurket cikin wasannin Olamfik a Amurka, bayan rabonsa da su tun 1900. Wa ya sani ko wata rana wani yaro a wata ƙasa zai shige bargo da waya yana karanta sunan ɗan Bungudu? Sannu ba ta hana zuwa. Ku kuma 'yan ajinmu, ku ci gaba da kirana Ɗan Indiya, na yafe, amma ran Asabar da la'asar ku zo bayan gidanmu, mutum biyar muke nema mu cika 11.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, ya ba mu sa'ar karatu, amin. Wassalam.